Maganin Mara Da Ya Kawo Jiri: Fashin Baƙi Kan Magungunan Da Ke Tare Saƙon Jijiya

Wani ƙanen mahaifina da ke noman shinkafa a fadamar Argungu ya daɗe yana fama da wahalar fitsari irin ta dattawa, wadda mutum zai tsuguna ya jima kafin ya zo, in ya zo kuma ya riƙa ɗiga. Likita ya duba shi, ya ce ƙullutun nan da ke kewaye da bakin mafitsarar namiji ne ya kumbura, wanda ake kira furostet, ya rubuta masa ƙwaya guda da zai riƙa sha da dare. Fitsari ya saki, amma a asubar farko da ya zabura daga shimfiɗa don yin alwala sai ya ji ɗakin yana juyawa, idonsa ya yi duhu, da ƙyar ya dafa bango. Da na je gaishe shi ya ce da ni, "Ɗana, kai da ka karanci magunguna, maganin mara aka ba ni, me ya kai shi kaina?" Na ce, "Baffa, bai je kanka ba, jini ne bai isa kan ba." Wannan amsa gaskiya ce, amma a bayanta akwai ilimin da aka shafe fiye da shekara ɗari ana tonowa, kuma ya cancanci a baje shi da Hausa.

Sai an fara warware kalmar jijiya, domin abu uku take nufi a harshenmu: akwai wadda jini ke gudu a cikinta, akwai agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma farin zaren nan da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa sassan jiki. Ta farko zan kira ta jijiyar jini, ta ƙarshe kuwa jijiyar saƙo. Ita ma tsoka iri-iri ce. Ta dantse da cinya tana da zane-zane idan aka duba ta a madubin ƙara girma, kuma tana bin umarnin mai ita. Zuciya tata tsokar daban ce. Ta uku ita ce marar zane, wadda ba ta jin umarnin mai ita, ba ta gaggawa, ba ta kuma saurin gajiya. Ita ce ta naɗe jijiyoyin jini kamar zobe, ita ce a bangon hanji da mafitsara da mahaifa da hanyoyin iska na huhu da bututun maniyyi, ita ce ke buɗe 'yar kafar da ke tsakiyar baƙin ido, har a gindin kowane gashi na fata akwai ɗan silinta.

Runduna biyu ta jijiyoyin saƙo ce ke juya wannan tsoka ba da saninmu ba. Ɗaya ta hutu da narka abinci ce, masana suna kiranta farasimfatetik. Ɗayar sunanta simfatetik, ni kuwa na fi son in kira ta jijiyoyin ko-ta-kwana, domin aikinsu shirya jiki ya tari duk abin da ya taso. Bahaushe ya daɗe da siffanta aikinsu tun bai san da su ba: idan ya ce tsikar jikinsa ta tashi, 'yan tsokokin gindin gashi ne suka matse, idan ya ce tafin hannunsa ya yi sanyi ƙalau ko zufa ta karyo masa, duk aikin wannan runduna yake lissafawa. Sai dai ba ranar tsoro kaɗai suke aiki ba. Ko mutum yana barci suna aika wa tsokar jijiyoyin jini saƙo kaɗan-kaɗan ba yankewa, suna riƙe da ita a ɗan matse, kamar yadda mahayi yake riƙe da linzami ko da dokin yana tafiyar hankali. Mafi yawan jijiyoyin jini ba su da wata jijiyar saƙo ta biyu mai buɗe su, idan ana so su buɗe sassauta linzamin kawai ake yi, kuma wannan riƙo na kullum shi ne ginshiƙin matsin jini.

Idan mutum ya miƙe daga kwance, jini kimanin rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki. Akwai ma'aunai a bangon manyan jijiyoyin jini na wuya da na bakin zuciya, su ke jin matsin ya ragu, su kai rahoto gindin ƙwaƙwalwa, nan take a ƙara yawan saƙo, tsokar jijiyoyin jini ta ƙara matsewa, jinin ya komo sama. Cikin 'yan daƙiƙu ake gama wannan, shi ya sa mai lafiya yake tasowa daga sujada sau da yawa a yini bai taɓa sanin an yi masa wani aiki ba.

Hanyar da saƙon yake bi tana da zango. Jijiya ta farko tana fitowa daga laka, tsakanin gaɓar farko ta bayan ƙirji da gaɓa ta biyu ta ƙugu, amma ba ta kaiwa ga tsoka da kanta. Takan tsaya a wasu ƙulle-ƙulle da suka jeru kamar carbi a gefe biyu na ƙashin baya, da wasu a cikin ciki, ta miƙa saƙon ga jijiya ta biyu. Ƙullin nan shi ake kira gangiliyon, kuma zango ne irin wanda fatake suka sani, inda ake sauke kaya a sake ɗaurawa. Da wani sinadari mai suna asetilkolin ake miƙa saƙon, kuma John Langley na Jami'ar Kambirij ne ya fara zana taswirar zangunan daga 1889, ta hanyar shafa musu nikotin, gubar taba, ya ga inda saƙo ya daina wucewa. Jijiya ta biyu idan ta isa tsoka sai ta rarrabu ta ratsa ta, tana ɗauke da dubban 'yan kumburi, kowanne cike da 'yan jakunkunan wani sinadarin daban, wanda Ulf von Euler na ƙasar Suwidin ya tabbatar a 1946 cewa noradirenalin ne, ɗan'uwan adirenalin da ƙullutun saman ƙoda ke zubawa cikin jini. Idan saƙon lantarki ya iso sai jakunkunan su juye abin da ke cikinsu, sinadarin ya tsallaka 'yar tazara ya zauna a kan makarɓai da ke jikin tsokar, kalsiyam ya ƙaru a cikinta, ta matse. Daga nan jijiyar ta zuƙe mafi yawan abin da ta zubar ta mayar rumbu, ta wani famfo da ke fatarta. Mai karatu ya riƙe wannan famfo a zuciya, domin zai sake fitowa har sau uku.

Ana iya tare saƙon a kan zaren jijiyar, ko a zango, ko a bakin rumbu, ko a ƙofar tsokar, kuma duk da cewa a kowane hali cewa ake yi an toshe jijiya, abin da tsokar za ta yi bayan nan ya bambanta ƙwarai. Na sha ganin ɗalibai suna haddace illolin kowane magani ɗaya bayan ɗaya, alhali da sun tambayi inda aka datse hanyar da illolin sun fito musu da kansu. Masu bincike da gwaji suke rarrabewa. Akan yanko guntun tsoka tare da jijiyarta daga dabba, a rataye shi cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki ana busa masa iskar oksijin, a ɗaura zare daga jikinsa zuwa na'urar da ke zana duk motsin da ya yi. Sai a yi masa tambaya uku: a taɓa jijiyar da lantarki kafin zango, a taɓa ta bayan zango, sannan a ɗiga noradirenalin kai tsaye cikin ruwan. Kafin a sa magani tsokar takan amsa duka ukun. Bayan an sa, wadda ta mutu da wadda ta rage su ke nuna inda maganin ya tsaya.

Heksametoniyam, wanda William Paton da Eleanor Zaimis suka nazarta a Landan a ƙarshen shekarun 1940, a zango yake tsayawa: tambaya ta farko takan mutu, biyun ƙarshe kuwa suna nan kamar dā. Yana cikin magungunan farko da suka iya sauke hawan jini mai tsanani da gaske, a zamanin da irin wannan ciwo ba ya barin mutum ya yi nisa, don haka bai kamata a raina shi ba. Illarsa ita ce rundunar hutu ma tana da nata zangunan, da asetilkolin ɗin kuma take miƙa saƙo, sai maganin ya rufe hanyoyin biyu gaba ɗaya. Abin da zai sami kowace gaɓa ya danganta ga rundunar da ta fi riƙe da ita a kullum. Jijiyoyin jini suna hannun ko-ta-kwana, sai su saki, fata ta yi ɗumi, mutum ya riƙa suma in ya daɗe a tsaye. Hanji da mafitsara da ido kuwa rundunar hutu ce ta fi riƙe da su, sai ciki ya ɗaure, fitsari ya ƙi fita, kafar ido ta buɗe, karatu ya gagara, baki ya bushe. Irin wannan nauyi ne ya sa aka shiga neman maganin da zai zaɓi runduna ɗaya.

Waɗanda aka samu a ƙarshen jijiya ta biyu suke aiki, amma ta hanyoyi mabambanta. Resarfin daga saiwar wani tsiro ake samunsa mai suna Rauwolfia, wanda masu maganin gargajiya na Indiya suka daɗe suna amfani da shi, wani danginsa kuma yana fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, an kuwa ware sinadarin a kamfanin Ciba na Suwizalan a 1952. Shi yakan hana a cusa noradirenalin cikin jakunkuna, abin da ya rage a waje kuma jijiyar ta narkar da shi, sai rumbu ya wayi gari wayam. Jijiyar tana nan lafiya, saƙon lantarki yana isowa, amma babu kayan da za a sauke. Shi ya sa aikinsa ba ya bayyana nan take, kuma ko an daina sha sai an yi kwanaki, wani lokaci makonni, kafin rumbun ya sake cika. Yana kuma shiga ƙwaƙwalwa ya kwashe sinadarai danginsu a can, inda yakan jawo kasala da barci, wasu mutanen har da baƙin ciki mai nauyi.

Gwanetidin, wanda ya bayyana tare da ɗan'uwansa biretiliyam wajen 1959 zuwa 1960, dabararsa ta fi ba ni sha'awa. Famfon nan da jijiya ke zuƙe noradirenalin da shi ba ya bambanta gwanetidin da kayan gida, sai ya riƙa jawo shi ciki har ya taru ya fi na cikin jini nesa ba kusa ba, daga nan ya hana jakunkuna buɗewa idan saƙo ya iso, a hankali kuma ya kore noradirenalin ya maye gurbinsa. Da yake jijiyoyi masu wannan famfo kaɗai ke tara shi, rundunar hutu ba abin da ya same ta, sai wasu illolin suka zama kishiyar na heksametoniyam. Maimakon ɗaurewar ciki sai gudawa, domin an cire mai tsawata wa hanji an bar mai zuga shi. Zufa ba ta ɗaukewa, domin jijiyoyin zufa, ko da yake na ko-ta-kwana ne, da asetilkolin suke magana. Hanci yakan toshe saboda jijiyoyin jininsa sun saki sun kumbura, namiji kuma yakan kasa fitar da maniyyi ko da sha'awarsa tana nan. Abin da ya tabbatar da cewa ta famfon yake shiga shi ne, idan aka haɗa wa majinyaci shi da amitiriftilin, maganin damuwar da ke toshe wannan famfo, sai gwanetidin ya rasa ƙofa, hawan jini ya dawo kamar ba a shan komai.

A gwajin tambaya uku, magungunan nan sukan raunana ko su kashe biyun farko, amma ta uku ƙaruwa ma take yi: ɗigon noradirenalin da a dā yake ɗan motsa tsokar yanzu sai ya murɗe ta. Dalili biyu ne. Na kusa, wanda ya shafi gwanetidin, shi ne idan famfon ya shagala babu mai kwashe sinadarin daga gaban makarɓai, sai ya daɗe yana aiki, kuma ta wannan hanya ce hodar ibilis take matse jijiyoyin jinin mai shaƙarta. Na nesa kuwa sai an yi kwanaki yake kankama: tsokar da aka daɗe ba a yi mata magana ba takan ƙara kasa kunne, har ƙaramin saƙo ya zame mata babba. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ne ya tsara wannan ƙa'ida a 1939, bayan nazarin gaɓoɓin da aka yanke wa jijiya. A ganina wannan ne darasi mafi nauyi a fannin, domin haɗarinsa a aikace yake. Mutumin da ke kan irin wannan magani, idan ya shiga kemis ya sayi maganin mura mai fenilefirin, wanda ke zama kai tsaye a kan makarɓan tsoka, jininsa na iya hawa fiye da na wanda ba ya shan komai. Efedirin kuwa, wani maganin da shi ma ke matse jijiyoyin jini, da yake babban aikinsa tunkuɗo noradirenalin ne daga rumbu, idan ya tarar resarfin ya riga ya kwashe sai ƙarfinsa ya ragu.

Saura ƙofar tsokar kanta, kuma labarinta ya girmi duk waɗannan. A 1906 Henry Dale yana gwada wani sinadari da aka tatso daga argot, fumfunar da ke kama hatsi, irin wadda danginta ke kama zangarniyar gero a ƙasashenmu. Ya lura cewa kyanwar da aka ba wannan sinadari, idan aka yi mata allurar adirenalin, maimakon jininta ya hau sai ya sauka. Fiye da shekara arba'in aka yi kafin Raymond Ahlquist, a jihar Jojiya ta Amurka, ya kawo bayani a 1948 cewa makarɓan iri biyu ne, ya raɗa musu alfa da beta. A tsoka marar zane, alfa galibi matsewa yake sawa, beta kuwa sakewa. Adirenalin yana taɓa duka biyun, a jijiyoyin jini kuma alfa ke rinjaye, da argot ya rufe alfa sai aikin beta da ke ɓoye ya fito fili. Daga baya aka gane kowanne yana da rassa: alfa-1 a jikin tsoka, alfa-2 a kan ƙarshen jijiyar kanta inda yake gaya mata ta rage zuba, beta-1 a zuciya, beta-2 a huhu da mahaifa. Firazosin da danginsa alfa-1 kaɗai suke rufewa, sun bar alfa-2 yana tsawata wa jijiya, shi ya sa ba sa sa zuciya gudu kamar tsofaffi irin su fentolamin.

Bisa ƙa'ida, mai rufe makarɓa ya kamata ya kashe tambayoyin ukun duka, tunda ko ta ina saƙo ya biyo a ƙofa ɗaya yake ƙarewa. Amma bututun maniyyin ɓeran Masar, wanda ya zama abin gwaji na yau da kullum tun farkon shekarun 1960 saboda yawan jijiyoyin ko-ta-kwana da ke cikinsa, ya ƙi bin ƙa'idar. Idan aka taɓa jijiyarsa amsa biyu yake bayarwa a jere, fizga mai sauri, sannan matsa mai nauyi da ke biyo baya a hankali. Mai rufe alfa yakan share ta biyun ya bar fizgar. Resarfin ma haka, ko da ya kwashe noradirenalin kusan kakaf. Gwanetidin kuwa duka biyun yake kashewa. An yi shekaru ana kai-kawo a kan wannan, wasu suna cewa tazarar da ke tsakanin jijiya da tsoka ce ta yi ƙunci har magani ba ya iya kutsawa. Geoffrey Burnstock, mutumin Ingila da ya yi aiki a Melbon ta Ostareliya kafin ya koma Landan, shi ya dage cewa jijiya ɗaya tana iya sakin ɗan aike fiye da ɗaya, ya kuma rubuta haka a 1976 lokacin da yawancin masana ba su yarda ba. Ɗan aike na biyun shi ne ATP, sinadarin da aka sani da ɗaukar makamashi a cikin kowace ƙwayar halitta, yana da nasa makarɓai daban, kuma a shekarun 1980 gwaje-gwaje suka tabbatar da shi ne mai fizgar. Da haka komai ya zauna daram: mai rufe alfa ƙofa ɗaya ya tsare cikin biyu, resarfin kaya ɗaya ya kwashe cikin biyu, gwanetidin kuwa bakin rumbun ya rufe, ba abin da ke fita. A shekarar 2000 aka ruwaito cewa ɓerayen da aka haifa ba su da makarɓar ATP ta wannan bututu, haihuwar mazansu ta ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, alhali ƙwayoyin maniyyin lafiya lau suke, turo su ne ya gagara.

Huhu kuma nasa darasin daban ne. Tsokar hanyoyin iska a jikin ɗan Adam kusan ba ta da jijiyar ko-ta-kwana da ke zuwa mata kai tsaye, amma cike take da makarɓan beta-2, waɗanda adirenalin na cikin jini ke taɓawa su sa ta saki. Firofaranolol, wanda James Black ya samar a farkon shekarun 1960, yana rufe beta-1 da beta-2 gaba ɗaya, don haka yana iya toshe numfashin mai asma, ya kuma hana Ventolin ɗin da zai shaƙa yin aiki, tunda ƙofar da zai shiga ce aka kulle. Ko ɗigon timolol da ake ba masu hawan jinin ido yana iya gangarawa ta hanci ya shiga jini ya tayar da ciwon. A ƙasar da ƙurar hunturu ke tayar wa mutane ƙirji duk shekara, mai asma ya kamata ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi.

Magungunan zango da na rumbu yawancinsu an bar su ga ɗakin gwaji. Metildofa, wanda mata masu ciki suka sani da Aldomet, yana nan, amma shi daga ƙwaƙwalwa yake rage yawan saƙon tun daga tushe. Tarewar da ake yi kullum a asibitocinmu, daga Birnin Kebbi har Yawuri da Zuru, ta kan zaren jijiya ce, wato allurar baya, wadda August Bier ya fara a Jamus a 1898, wadda kuma yanzu ake yi wa mace idan za a ciro jariri ta tiyata. Yau wani maganin kashe jin zafi mai suna bufibaken aka fi zubawa cikin ruwan da ke kewaye da laka, shi kuwa yana rufe ƙofofin sodiyam da saƙon lantarki ke tafiya da su, ba ruwansa da wace irin jijiya ce. Jijiyoyin jin zafi ake nufi, amma na ko-ta-kwana ma ta nan suke fitowa, kuma sirara ne, sukan riga saura mutuwa, har mutuwar tasu ta zarce iyakar inda fata ta daina ji. Cikin 'yan mintuna ƙafafu su yi ɗumi, jijiyoyin jini na rabin jiki su saki, jini ya kwanta a can. Ga mai ciki abin ya fi tsanani, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya idan ta kwanta rigingine, kuma tashin zuciyar da take ji a kan gadon tiyata sau da yawa alama ce jini ya sauka. Shi ya sa ake ɗaura mata ƙarin ruwa, a ɗan karkata ta hagu, a riƙa awon jini a kai a kai, a kuma tanadi efedirin ko fenilefirin a sirinji tun kafin a fara. Suna aiki nan take ne saboda can sama aka datse hanya, jijiya ta biyu da rumbunta da makarɓai da tsokar duk suna nan lafiya, jira kawai suke a yi musu magana. Inda allurar baya take zama haɗari na gaske shi ne ga macen da ta zubar da jini mai yawa a gida ko a hanya kafin ta iso, domin ita matsewar jijiyoyin jinin ce kaɗai ke riƙe da ita, sassauta su kuwa kamar cire wa rumfa dirka ne. A irin wannan hali mai ba da maganin barci yakan zaɓi wata hanya.

Ƙwayar Baffa daga dangin firazosin take. Tsokar furostet da ta bakin mafitsara alfa-1 ne ke riƙe da su a matse, rufe shi ne ya buɗe wa fitsari hanya ba tare da ƙullutun ya ragu ko kaɗan ba. Amma ƙwayar da aka haɗiya ba ta san mara ba, duk inda alfa-1 yake za ta zauna, har da jijiyoyin jinin ƙafafu da ciki. Da ya zabura da asuba ma'aunan wuyansa sun ji, ƙwaƙwalwa ta aika, jijiya ta zuba noradirenalin, sai aka tarar da ƙofa a rufe. Likitoci sukan tabbatar da wannan hali idan lambar sama ta awon jini ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da miƙewa, kuma awo ne da ko ƙaramin asibitin ƙauye zai iya yi: a auna a kwance, a sake aunawa a tsaye. Yanayinmu yana ƙara wa abin nauyi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kebbi, jijiyoyin jinin fata a buɗe suke don fitar da zafi, zufa ta rage ruwan jiki, in kuma aka haɗa da azumi ko yinin aiki a fadama, abin da ya rage na riƙo kaɗan ne. Tamsulosin, wani maganin furostet mai rufe alfa-1, ya fi karkata ga reshen alfa-1 da ya fi yawa a furostet, don haka jirinsa ya fi sauƙi, sai dai yana sassauta tsokar da ke buɗe kafar ido, abin da aka bayyana a 2005, kuma wajibi ne mai shansa ya sanar da likitan ido kafin a cire masa yanar ido.

Da Baffa ya koma, likitan ya rage masa ƙarfin ƙwayar, ya ce ya riƙa shanta daidai lokacin da zai kwanta, in zai tashi kuma ya fara zama a bakin gado ya motsa ƙafafu na ɗan lokaci kafin ya miƙe. Bayan kamar mako biyu jirin ya lafa, domin ƙoda takan riƙe ƙarin gishiri da ruwa ta cike filin da ya buɗe a cikin jijiyoyin jini. Abin da na ƙara jaddada masa shi ne wannan sabo da jiki ya yi ba ya ɗorewa idan aka tsallake shan magani. Idan ƙwayar ta ƙare ya yi kwanaki bai sha ba, kada ya koma kan adadin da ya saba, ya je wurin likita a sake farawa daga ƙarami, domin abin da ya same shi a asubar farko yana iya dawowa.